In Za A Kafa Tseren Babur Na Matasa, A Dubi Malesiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wani al'amari wanda da jin sunansa na san wasu dattawa za su tsuke baki. Wato maganar kafa gasar tseren babur ta matasa a kan kwalta, wadda ɗan talaka zai iya shiga ba tare da an sayar da gonar gado ba.

Ni dai manomi ne, in rani ya yi kuma ina ɗan taɓa tireda a kasuwannin ƙauye, karatuna na boko bai wuce firamare ba. Amma ina sauraren rediyo, kuma na daɗe ina bin labarin wannan wasa. Abin da na fahimta a taƙaice shi ne, tseren babur yana yin araha ne idan an ɗaure hannun mai kuɗi da doka, yadda kuɗinsa ba za su saya masa gudu ba. Duk arahar da aka samo ta hanyar rage kayan kare rai kuwa, wannan sayen likkafani ne.

Da farko bari in fayyace abin da nake nufi, don kada a ɗauka ganganci irin na ranar biki nake magana, inda yaro zai ɗaga tayar gaba a tsakiyar mata da yara. Tseren da nake nufi ana yin sa ne a hanya rufaffiya mai kewaye, babu mota, babu jaki, babu mai tsallakawa. Kowa yana bin hannu ɗaya, ana ƙirga zagaye, akwai alƙalai masu tuta a kowace kwana, akwai likita a tsaye. Babbar gasarsa ta duniya tun 1949 ake yin ta, ajinta na ƙoli shi ake kira MotoGP. A 2023 wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Birad Binda ya kai gudun kilomita 366 a sa'a ɗaya a filin Mujello na ƙasar Italiya. To duk waɗannan gwanaye tun suna ƙanana suka fara, a kan ƙananan babura.

Matsalar da ta addabi wannan wasa ko'ina a duniya ita ce tsada. Ƙwallon ƙafa ko da tsumma aka ƙulla yara za su buga. Dambe da kokawa ƙarfinka ne jarinka. Amma tseren babur yana cin babur, ya ci taya, ya ci mai, ya ci kuɗin mota zuwa garin da za a yi, ga rigar fata da hular kwano da takalmi, ga gyara duk ranar da aka faɗi. Misali shi ne Kesi Sitona ɗan Ostireliya, wanda ya ci kofin duniya a 2007 da 2011. Yana ɗan shekara 14 iyayensa suka tattara abin da suka mallaka suka koma Ingila da shi, saboda dokar ƙasarsu a lokacin ba ta yarda yaro mai shekarunsa ya yi tseren kwalta ba, suka riƙa kwana a motar tafiye-tafiye. Shi Allah Ya dafa masa. Amma iyalai nawa ne suka yi irin wannan kasada aka tashi babu tsuntsu babu tarko?

Kuma Malam Edita, ba farashin babur ne babban mai cin kuɗin ba, gasar aljihu ce. Idan aka bar kowa ya gyara injinsa yadda ya ga dama, uban wannan zai sayo kafireta daga waje, uban wancan ya ɗauko makaniki na musamman, na uku ya riƙa sa sabuwar taya duk fita. Kafin shekara biyu sai ka ga yaron da ya fi kowa iya kwana ya koma kallo, domin ubansa mai sayar da goro ne. Mu 'yan kasuwa mun san wannan, in babba ya shigo layi da jari mai nauyi ba tare da ƙa'ida ba, ƙananan 'yan tebur su ne ke tashi.

A nan ne nake ganin ƙasar Malesiya ta yi dabarar da ta cancanci a duba. A can akwai wani ƙaramin babur da kowa ke hawa, suna kiransa kapcai, kamanninsa ɗaya da wanda muke kira roba-roba a nan. Asalinsa daga Honda Super Cub ne, wanda Japanawa suka fara ƙerawa a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Shi ma'aikaci ke hawa zuwa ofis, shi mai kifi ke kai kayansa kasuwa. A 1994 sai aka kafa gasar ƙasa mai suna Cub Prix a kan wannan babur ɗin. Ba su ce sai an sayo babur na musamman daga Turai ba, abin da ke ƙofar gidan kowa shi suka ɗauka.

Wannan zaɓi ya kashe tsuntsu uku da dutse ɗaya. Na farko, kayan gyara suna nan a kowane shago a farashin kasuwa. Na biyu, kowane makanikin bakin titi ya san cikin injin, saboda haka yaro ba ya buƙatar injiniya. Na uku, kamfanonin da ke sayar da baburan, irin su Honda da Yamaha, sun ga riba a fili, domin babur ɗin da ya ci ranar Lahadi shi mutane za su tambaya a shago ranar Litinin. Saboda haka suka zuba kuɗinsu. Kamfanin mai na ƙasar, wato Petronas, shi ma ya ɗauki nauyin gasar shekara da shekaru har sunansa ya manne da ita.

Dabara ta biyu ita ce, maimakon a ce kowa ya zo babban birni, sai gasar ta riƙa bin jihohi tana yawo. Akan rufe wasu titunan gari ko farfajiyar filin wasa na kwana biyu, a kewaye da shinge, a yi tsere, a kwashe kaya a tafi. Garuruwa irin su Teluk Intan da Temerlo da Batu Kawan duk sun sha karɓar baƙuncinta. Ku lura, shahararren filin tserensu na Sefang sai a 1999 aka buɗe shi, shekara biyar bayan an fara Cub Prix. Wato ba su zauna jiran gwamnati ta gina fili na biliyoyi ba kafin su fara.

Dabara ta uku ita ce matakala. An raba gasar aji-aji bisa girman inji da ƙwarewa. Akwai manyan azuzuwa irin su CP150 da CP125, inda aka yarda a gyara inji amma da iyaka. Aka kuma yi ajin yara sababbin shiga mai suna Wira, wato jarumi, wanda ma'aikatar matasa da wasanni ta ƙasar ta tsaya masa. Kamfanonin babur su ma sun yi nasu azuzuwan inda kowa ke hawa babur iri ɗaya. Yaro ba ya tsallake mataki, sai ya nuna hankali a ƙasa kafin a ba shi inji mai ƙarfi.

To me aka girba? Zulfahmi Kairuddin, wanda ya taso daga wannan gasa, ya zo na biyu a tseren duniya na ƙaramin aji a Sefang a 2012, a gaban jama'ar ƙasarsa. Hafiz Shahrin kuwa, shi ma ɗan Cub Prix, a 2018 ya shiga MotoGP, ya zama mutum na farko daga yankin kudu maso gabashin Asiya da ya samu gurbi a wannan aji. Daga roba-roba fa ke nan har zuwa ƙoli. Ban da waɗanda aka ji sunansu, akwai makanikai da alƙalai da direbobin kaya da masu abinci da suka ci tuwo a gindin wannan gasa fiye da shekara talatin.

Su ma Turawa sun gane tsadar nan tana kashe wasan, sai suka bi tasu hanyar, wato babur iri ɗaya ga kowa. A 2007 aka kafa Red Bull Rookies Cup, inda ake zaɓo yara daga ƙasashe daban-daban a ɗora su duka a kan KTM iri ɗaya, baburan da makanikan na masu gasar ne. Daga nan Jowan Mir ya fito, zakaran duniya na 2020, da Horhe Martin zakaran 2024, da shi Binda da na ambata. A 2014 aka yi wa yaran Asiya irin wannan a kan Honda, har wani yaro ɗan Indunusiya, Feda Ega Faratama, ya cinye ta a 2023. A 2021 hukumar babura ta duniya, FIM, ta ƙirƙiro MiniGP domin yara 'yan shekara 10 zuwa 14, a kan ƙaramin babur na Ohvale ƙirar Italiya, a ƙananan filaye. Amurka ma a 2025 ta buɗe tata sabuwar gasar matasa a kan babur iri ɗaya.

Wannan tsari yana da kyau, amma a ganina rufin ɗaki ne. Guraben kaɗan ne, kuma yaron da za a zaɓa dole ya riga ya ƙware a wani wuri. Babur ɗin Italiya kuwa da kuɗin Turai ake sayensa, abin da Bature ke kira araha mu a wurinmu kuɗin shanun huɗa ne har da garma. Saboda haka ƙasar da talakawa suka fi yawa, in tana son farawa, tushen irin na Malesiya ya fi dacewa da ita. Indiya ma ta bi kusa da haka, domin kamfanin TVS, wanda baburansa suka cika titunanmu, ya daɗe yana shirya gasar babur iri ɗaya a can, shi ke kawo baburan, matashi ya biya kuɗin shiga ya hau.

Akwai dokoki sanannu da masu shirya tsere ke amfani da su domin toshe ƙofar gasar aljihu, kuma ba sa cin ko kwabo. Ana ɗaure inji da waya a buga masa hatimi, wanda duk ya kwance ba da izini ba an kore shi. Ana iya jefa ƙuri'a da safe a raba baburan, yadda ba wanda ya san wanne zai hau. Ana ƙayyade taya iri ɗaya da adadin da za a yi amfani da shi. Akwai ma wata doka da ta burge ni a matsayina na ɗan kasuwa, wadda ta ba abokin hamayya ikon sayen injinka a kan farashin da aka yanke tun farko. In ka san za a iya karɓe injinka a kuɗin kasuwa, ai ba za ka zuba masa dukiya ba. Da waɗannan sai a ga wanda ya iya birki da kwana, a bar ganin wanda ubansa ya fi kuɗi.

Yanzu bari in zo kan inda ba a neman ragi, domin maganar rai ce. Wannan wasa ko a hannun waɗanda suka fi kowa tsari yana kisa. A 2019 wani matashi ɗan Indunusiya mai shekara 20 ya rasu a gasar yaran Asiya a Sefang. A 2021 kuwa cikin wata biyar aka rasa uku: ɗan Suwizalan mai shekara 19 a Mujello cikin watan Mayu, ɗan Sifen mai shekara 14 a Aragon cikin Yuli, da wani ɗan Sifen ɗin mai shekara 15 a Herez cikin Satumba. Dukansu faɗuwa suka yi a tsakiyar cunkoso, na baya ya bi ta kansu. Ga wani darasi mai ɗaci a nan: idan babura suka zama iri ɗaya, yara sukan tafi a dunƙule kamar garken tumaki, wanda ya faɗi kuma babu wurin kauce masa. Wato maganin tsada shi ma yana da nasa dafin.

Saboda haka ne hukumar FIM da masu shirya gasar suka ɗaga shekarun shiga. Daga 2023 gasar yara ta manyan filaye ta koma daga shekara 14, ta duniya kuma daga 18, in ban da 'yan kaɗan da suka yi fice a ƙasa. Suka rage yawan baburan da ke tashi lokaci ɗaya, suka kuma tilasta rigar da ke kumbura da iska in an faɗi. Duk mai son kafa sabuwar gasa ya kamata ya fara daga inda waɗannan suka tsaya, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma a zaɓi hanya gajera mai yawan kwana wadda ba ta barin babur ya kai ƙarshen gudunsa. Doguwar hanya miƙaƙƙiya mai gidaje da turaku a gefe, ko an rufe ta, makabarta ce. Tsibirin Man da ke kusa da Ingila, inda ake tsere a kan titunan gari tun 1907, mahaya fiye da 250 ne suka mutu a kan hanyarsa.

Na san wani zai ce, to Malam, shin gasar ta hana yaran Malesiya ganganci a titi? Amsa ita ce a'a. Suna da 'yan tseren dare da suke kira mat rempit, waɗanda suka daɗe suna wasan ɓuya da 'yan sanda, kuma fiye da rabin masu mutuwa a haɗarin hanya a ƙasar masu babur ne. A 2016 har wani ministansu ya kawo shawarar a riƙa rufe wa waɗannan yara wasu titunan Kwala Lamfur da dare su yi tserensu, jama'a suka yi ca a kansa. Ni ma ina ganin masu sukar sun fi gaskiya, domin rufe titi kawai ba tare da aji da horo da kayan kariya da hukunci ba, ba gasa ba ce, halatta ganganci ne. Gasa ba ta maye gurbin ɗan sanda, ba ta maye gurbin tarbiyyar gida. Abin da take yi shi ne ta buɗe ƙofa ta halal ga mai baiwa, ta kuma ba hukuma bakin cewa ga wurin yi nan, wanda muka kama a titi ba shi da hanzari.

Abin da ya sa na damu da wannan magana, alhali Malesiya tana da nisa, shi ne babur ɗin da suka gina gasarsu a kansa shi ne a ƙofar gidajenmu, zafin jinin yaransu kuma shi ne na namu. Duk wanda ke zuwa ɗaurin aure ko kai amarya ya ga yadda samari ke wasa da ransu, kuma kowa ya san gidan da aka kai yaro wurin mai ɗori ko aka yi zaman makoki a dalilin haka. Mun yi faɗa, mun yi wa'azi, abin bai bari ba. Sannan mun san halinmu da kayan kariya. Lokacin da aka fara tilasta hular kwano a Nijeriya a watan Janairu na 2009, har ƙoƙo da ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce jami'ai. Da irin wannan hali in aka ce a fara tsere gobe, to gara a bari.

In har wata jiha ko wata ƙungiya za ta gwada, ga shawarata. A fara da makaranta kafin gasa, yaro ya yi watanni yana koyon birki da kwana da ma'anar tutoci. Kada a karɓi kowa sai da sa hannun mahaifi ko waliyyi, da shaidar yana zuwa makaranta ko yana koyon sana'a. Baburan su zama na ƙungiya, ƙananan inji, iri ɗaya, a kulle su a wuri ɗaya bayan wasa, wannan zai kuma kwantar da hankalin jami'an tsaro a wannan zamani da aka sha taƙaita hawan babur a wasu jihohin Arewa. Hula da riga da safar hannu da takalmi su zama na gaske, ƙungiya ta saya ta riƙa ba da aro. In motar asibiti da likita ba su iso ba, kada a tayar da inji ko da gwamna ne ke zaune yana jira. Wanda kuma aka kama yana ganganci a cikin gari a kore shi na shekara guda. Wannan dokar ta ƙarshe ita ce za ta fi amfanar jama'a, domin yaron da ke da abin da yake tsoron rasawa ya fi jin magana.

Kuɗin kuwa bai kamata a ɗora wa iyaye ko baitulmali kaɗai ba. Dillalan babur da masu sayar da taya da baƙin mai da kayan gyara sun daɗe suna cin ribar samarinmu, lokaci ya yi da za su mayar da wani abu, kuma talla ce a gare su. Ƙungiyoyin makanikai da na 'yan acaba suna da mutanen da za a horar su zama alƙalai. Sarakunanmu kuma sun san yadda ake tsara sukuwar dawaki da hawan salla ba tare da an tattake jama'a ba, a nemi shawararsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe ina kira ga ma'aikatun matasa da wasanni da su aika mutane masu hankali su je su ga yadda Malesiya ke yi, ba yawon karɓar alawus ba. Ina kira ga 'yan'uwana iyaye kada mu ba yaro makullin babur alhali ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba. Ku kuma samari, ku sani gwanin gaske shi ne wanda ya gama tsere ya koma gida ya gaida mahaifiyarsa da ƙafafunsa. In an ga ba za a iya cika sharuɗɗan kare rai ba, to a haƙura har sai an iya, domin kofi ana sake yin wani, amma ɗa in ya tafi ya tafi ke nan.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi ɗan tireda.